Gabar gado a teburin wasa: Kada a bari littafi ya zaɓa wa jarumi maƙiyinsa

A ce abokai biyar sun zauna kewaye da tebur, kowa da takardarsa da fensir, bayan sun shafe mako guda suna ɗokin wannan zama. Ɗaya ya ƙirƙiro jarumi daga jinsin Wadanni, gajerun mutanen nan masu gemu da ke haƙar ma'adinai a cikin duwatsu. Wata kuma ta zo da jaruma daga jinsin Orkawa, ƙarfafa masu haure, waɗanda tsofaffin littattafan wasan suka ce ba sa ga-maciji da Wadanni tun kaka da kakanni.

Ba a yi rabin awa da farawa ba, mai Wada ya ce jaruminsa ya zare gatari. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce ai haka aka rubuta, Wada ba ya shan inuwa ɗaya da Ba'orke. Labarin da aka so ya ɗauki watanni ya mutu a daren farko, ita kuwa mai jarumar ba ta sake dawowa ba.

Duk wanda ya daɗe a wasannin ƙagaggen labari na haɗin gwiwa ya san irin wannan dare. Laifin kuma ba na gabar ba ne. Laifin na ɗan wasan da ya ɗauko ta daga littafi ya ɗora wa jaruminsa ba tare da ya tambayi kansa ko abokan wasansa komai ba. Gabar gado tana daɗa wa labari armashi, amma sai an zauna an tsara ta tun kafin a fara.

Yadda wasan yake

Mafi shahara a cikin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro, aka fara buga shi a Amurka a 1974. Ba a yin sa don wani ya ci wani. Mutum ɗaya ne ke zama jagora, yana bayyana gari da daji da dodanni da abin da ke faruwa. Sauran kuma kowa na riƙe da jarumi ɗaya, yana magana da bakinsa, yana yanke shawara a madadinsa.

Idan jarumi ya yi yunƙurin abin da zai iya yiwuwa ko ya faskara, kamar tsallake rami ko shawo kan mai gadi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20. Lambar da ta fito ita ke raba gardama. A yau wasu na yin wasan ido da ido, wasu kuma ta intanet, da murya ko a rubuce.

Tun da labarin na kowa ne, abin da jarumi ɗaya ya aikata yana shafar daren kowa. Marubucin littafi yana iya sa jaruminsa ya tsani wanda ya ga dama, babu wanda zai ji ciwo. A teburin wasa kuwa, wanda aka tsana yana da mai shi, kuma yana zaune a kujerar da ke kusa.

Lokacin da aka rubuta ƙiyayya a jadawali

Ba daga sama 'yan wasa suka samo wannan ɗabi'a ba. Littafin 'yan wasa na Player's Handbook da ya fito a 1978 yana ɗauke da jadawali na musamman da ke nuna yadda kowane jinsi ke kallon ɗan'uwansa. Matakai shida ne, daga fifitawa da kyakkyawar niyya, zuwa haƙuri da ko-in-kula, har zuwa ƙyama da tsana. A can aka rubuta cewa Wadanni na ƙyamar Elfawa, dogayen mutanen daji masu tsawon rai, kuma suna tsanar duk wanda ke da jinin Orkawa.

Dokokin faɗa ma sun mara wa jadawalin baya. Wada yana samun ƙarin maki ɗaya idan ya kai wa Ba'orke ko Goblin hari, kuma wannan doka ta kai har bugu na uku na shekarar 2000. A bugu na biyar na 2014, jarumin da ya ɗauki sana'ar farauta da bin sawu yana zaɓar wasu halittu ko jinsuna biyu su zama abokan gabarsa na musamman, sai ya fi kowa iya gano sawunsu da sanin halinsu.

Wato shekaru masu yawa wasan na gaya wa sabon shiga wanda zai tsana tun kafin ya raɗa wa jaruminsa suna. Ba abin mamaki ba ne da wasu suka ɗauka cewa cika umarnin jadawali shi ne iya wasa.

Abin da Tolkien ya yi da gabar

Yawancin waɗannan jinsuna an san su ne ta hanyar littattafan marubucin Ingila J.R.R. Tolkien, musamman The Hobbit na 1937 da The Lord of the Rings na 1954 zuwa 1955. Masu kare gaba ta ido rufe kan ce ai daga can aka gado ta. Gaskiya ne, sai dai rabin darasin suka ɗauka.

A wajen Tolkien gabar Elfawa da Wadanni tana da tarihi. Akwai tsohon jini a tsakaninsu, tun lokacin da wasu Wadanni suka kashe Sarki Thingol na Elfawa a kan wata sarƙa mai daraja. Akwai kuma sabon miki: sarkin Elfawan daji, mahaifin Legolas, ya taɓa kulle tawagar Wadanni a kurkukunsa, kuma a cikinsu akwai Glóin, mahaifin Gimli.

Ke nan lokacin da Legolas da Gimli suka haɗu a tafiya ɗaya, mahaifin ɗaya ya taɓa ɗaure mahaifin ɗayan. Duk da haka babu wanda ya zare makami. Sun yi ta gugar zana da zargin juna. Da suka isa dajin Lothlórien, masu gadi suka ce sai an ɗaure wa Gimli ido kafin ya shiga, ya ƙi, har sai da Aragorn ya yanke cewa a ɗaure wa kowa, har da Legolas. Karamcin da Galadriel ta yi wa Gimli a dajin ne ya fara sassauta zuciyarsa.

A yaƙin Helm's Deep gabar ta riga ta koma gasa, suna ƙirga wanda ya fi kashe abokan gaba, Gimli ya tashi da 42, Legolas da 41. A ƙarshen rayuwarsu an ce tare suka shiga jirgin ruwa zuwa yamma.

Da a ce tun ranar farko abokai ne, babu wanda zai tuna da su. Da kuma sun kashe juna a babi na biyu, babu labari. Abin da ya riƙe masu karatu shi ne doguwar hanyar da ke tsakanin farkonsu da ƙarshensu. Ɗan wasan da ya kwafi ƙiyayyar ya bar hanyar bai kwafi Tolkien ba.

Sauyin da kamfanin ya yi, da masu ƙorafi

A watan Yunin 2020, kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya mallaki wasan tun 1997, ya fitar da sanarwa cewa daga yanzu za a riƙa nuna Orkawa da Drow, wato Elfawan ƙarƙashin ƙasa, a matsayin al'ummomi masu nagari da mugu kamar kowa. An cire dokar da ke rage wa jarumi Ba'orke maki biyu na basira. A littafin 2024 an sauya kalmar da ake kiran jinsunan da ita, aka kuma sa Orkawa cikin jinsuna goma da ɗan wasa zai iya zaɓa tun daga farko. Baiwar mai farauta ma an daina ɗaure ta da wata al'umma.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba, kuma ƙorafin nasu ba shirme ba ne. Suna cewa Orkawa ƙagaggun halittu ne, ba sa wakiltar kowa a duniya. Mutum ya gaji da aiki, ya zo ya huta ta hanyar fatattakar dodanni, bai zo zaman kotu ba. Idan kowane maƙiyi sai an binciki zuciyarsa, wasan zai yi nauyi. Wasu kuma na ganin duniyar da kowa ke son kowa ba ta da gishiri.

A wannan batu na ƙarshe suna da gaskiya. Duniyar da aka yi yaƙe-yaƙe na ƙarnuka amma babu mai riƙe da kowa a zuciya ƙarya ce, ko a tatsuniya. Wanda aka ƙone ƙauyensu yana yaro ba zai rungumi jinsin da suka ƙone shi don kamfani ya fitar da sanarwa ba.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne zaton cewa zaɓi biyu ne kawai, ko a tsani jinsi baki ɗaya ko a share gabar. Wanda ke son maƙiyin da zai sara ba tare da tunani ba yana da su da yawa a wasan: matattun da aka tayar da tsafi, shaiɗanu, rundunar azzalumin sarki da ta zaɓi zalunci. Matsalar tana farawa ne idan aka ce wata al'umma mai harshe da yara da kasuwa an haife ta da mugunta, sa'an nan aka bar wani a teburin ya ɗauki jarumi daga cikinta.

Tsofaffin 'yan wasa sun san wannan tarko. A labarin The Keep on the Borderlands da Gygax ya rubuta a 1979, kogunan da jarumai ke kai wa hari ba mayaƙa kaɗai ke ciki ba, har da mata da ƙanana. Shekara da shekaru 'yan wasa na muhawara a kan abin da jarumi nagari zai yi da jariran Orkawa bayan an gama faɗa. Jadawali bai taɓa amsa wannan tambaya ba. Shi kansa Tolkien ya yi ta sauya ra'ayi a rubuce-rubucensa a kan asalin Orkawa, saboda batun halitta mai hankali da ba ta da hanyar shiriya ya dame shi.

Tambayoyi huɗu kafin a ɗauki fensir

Ɗan wasan da ke son jaruminsa ya ɗauki gabar gado yana da tambayoyi huɗu da ya kamata ya amsa.

Ta farko, me aka yi masa? Akwai bambanci tsakanin wanda ya ga an kashe yayansa a bakin mahaƙa, da wanda bai taɓa ganin Ba'orke ba sai a labarin kakarsa, da kuma ɗan kasuwar da ke zaginsu a gida amma yana cin riba da su a kan iyaka. Dukkansu Wadanni ne, dukkansu na iya cewa ba sa son Orkawa, amma ba za su yi abu ɗaya ba idan suka haɗu da ɗaya a hanya. Na biyun ma watakila tsoro ne ya fi yawa a zuciyarsa.

Ta biyu, ina iyakarta? Jarumi na iya ƙin cin abinci a kwano ɗaya da abokin tafiya amma ba zai bar shi ya mutu ba. Yana iya ƙin juya masa baya da dare amma ba zai sace masa kaya ba. Idan ba a sa iyaka ba, fushin da aka ƙirƙiro don labari yakan zama hujjar ɓata wa abokin wasa rai.

Ta uku, ta yaya za ta bayyana ba tare da makami ba? Gatari shi ne hanya mafi gajarta, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Ƙin kiran mutum da sunansa, sake ƙirga kuɗin da ya raba, yin shiru idan ya shigo, waɗannan suna iya ɗaukar zama goma, kuma duk suna ba ɗayan damar mayar da martani.

Ta huɗu, me zai iya sauya shi? Ba dole ba ne ya sauya. Akwai jaruman da ke mutuwa da gabarsu, kuma labarinsu ya yi ma'ana. Amma ya kamata mai shi ya san abin da zai girgiza shi, ya kuma sanar da jagora, domin a kawo wannan rana a cikin labari. Jarumin da babu abin da zai taɓa shi dutse ne, kuma babu daɗin tafiya da dutse.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Amsa tambayoyin a zuci bai isa ba. Masu wasan na da al'adar yin zama na musamman kafin a fara labari, wanda suke kira zama na sifili, inda ake tattauna irin labarin da ake so da abin da ba a so a taɓo. Littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya ware wa wannan zama sashe. A nan ne ya dace a kawo maganar gaba.

Idan jarumai biyu za su yi zaman doya da manja, masu su biyu ne za su amince. Mai Wada ya tambayi mai Ba'orkiya ko tana son wannan takun saƙa, da kuma inda take so ya tsaya. Wata za ta ce ta yi maraba, don dama abin da take so ta buga ke nan. Wata kuma za ta ce a rayuwarta ta yau da kullum ta sha wulaƙanci saboda launinta ko ƙabilarta ko addininta, ba ta zo teburin hutu don a maimaita mata ba. Duk amsoshin biyu daidai ne, kuma ba za a san wacce ce ba sai an tambaya.

Haka kuma a shirya dalilin da zai riƙe su tare: bashi, rantsuwa, ko maƙiyi na uku da ya fi ƙarfin kowannensu. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023 bisa dokokin Dungeons & Dragons, ya nuna yadda ake yi. Shadowheart da Lae'zel ba sa ƙaunar juna tun daga farko, har takan kai ga ɗaya ta ɗora wa ɗaya wuƙa a wuya a sansani. Amma kowaccensu na ɗauke da tsutsa ɗaya a ƙwaƙwalwa da za ta hallaka ta idan ba a samu magani ba. Larura ce ta ɗaure su, gabar kuma ta samu wurin numfashi.

Jagora ma na da nasa aikin. Idan duk Ba'orken da ya fito a labari ɗan fashi ne, to jagora ya riga ya yanke hukunci cewa mai ƙiyayya ne ke da gaskiya. Idan kuma duk wanda ya fito salihi ne, ya mayar da mai Wada wawa. Sai an ga maƙeri da mayaudari da uwa mai neman ɗanta a cikinsu kafin zaɓin jarumi ya zama zaɓi. Marubuci R.A. Salvatore ya gina shahararsa a kan haka tun littafin The Crystal Shard na 1988: Drizzt, wanda ya fito daga Drow da kowa ke tsoro, babban amininsa Wada ne mai suna Bruenor. Shi kuma Bruenor ya kama wani yaro daga cikin maharan da suka kawo musu yaƙi, ya ƙi kashe shi, ya riƙe shi har ya zama kamar ɗansa.

Darasin da ke gida

Bahaushen da ya ci karo da wannan wasa yana da abin da zai kai teburin da jadawalin 1978 bai sani ba. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta an daɗe da sanin wasan barkwanci tsakanin al'ummomi: Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, a yi dariya, a ci abinci tare. Wasu daga cikin waɗannan alaƙoƙi ana danganta su da tsofaffin yaƙe-yaƙe da gasar sarauta. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya.

Wasan barkwanci bai share tarihi ba. Ana tuna shi kullum, amma da ƙa'ida: ɓangarorin biyu sun san wasa ne, akwai iyakar da ba a ƙetarewa, kuma abokin wasa shi ne kan gaba wajen shiga tsakani idan rigima ta taso. Wada da Ba'elfen da ke tsokanar juna a kan gemu da kunnuwa, amma kowa zai tsaya wa ɗan'uwansa ranar wuya, sun fi kusa da wannan tsari fiye da jadawalin ƙyama da tsana.

Wannan yanki ya kuma san ɗaya fuskar, inda ake yanke wa mutum hukunci da sunan ƙabilarsa tun kafin ya buɗe baki, da irin asarar rayukan da hakan ke jawowa. Babu mai cewa wasan tebur ne ke haddasa rikici. Amma matashin da ya shafe awanni yana shiga rigar wani jarumi yana gwada wa kansa hanyoyin tunani ne. Gara ya gwada tambayar me wannan mutum ya yi, da ya saba da cewa ai jininsu ne haka.

Waɗancan abokai biyar na farko ba su rasa komai ba sai minti goma na magana. Da mai Wada ya ce jaruminsa ya rasa ɗan'uwa a hannun Orkawa, mai Ba'orkiya ta ce nata ƙauyen Wadanni ne suka kore su daga dutsensu, jagora kuma ya jefa su a rami ɗaya da igiya ɗaya, da har yanzu suna haɗuwa duk mako, suna jiran ranar da ɗayansu zai fara kiran ɗayan da sunansa.